Hotunan Ed Templeton a Bangon Gidan Fasaha, Yaran da ke Cikinsu Kuma a Bakin Ƙofa

A shekarar 2002, wani katafaren gidan baje kolin fasahar zamani da ke birnin Paris, mai suna Palais de Tokyo, ya rataye hotuna da zane-zanen wani Ba'amurke ɗan kimanin shekara 30 da ake kira Ed Templeton. Mutumin bai taɓa zama a ajin koyon zane na wata jami'a ba, kuma sana'ar da aka san shi da ita a lokacin ita ce wasan zamiya a kan katako mai taya huɗu, wasan nan da samari ke yi a kan tituna da matattakalai da gefen dakali. Abin da ya sa na fara da wannan gida shi ne, farfajiyarsa mai shimfiɗe da duwatsu masu santsi tana cikin wuraren da 'yan zamiya na Paris suka daɗe suna taruwa. Wato a daidai lokacin da masu kallo ke zagayawa a ciki suna duban rayuwar 'yan wasan a jikin bango, ita rayuwar kanta tana gudana a waje, da ƙarar tayoyinta da faɗuwarta da ƙujewar gwiwarta. Ra'ayina shi ne gidajen fasaha sun yi daidai da suka buɗe wa Templeton ƙofa, amma sun ci bashin da har yau mafi yawansu ba su biya ba, kuma masu bin bashin su ne yaran da ke bakin ƙofar.

Ga wanda bai taɓa riƙe katakon a hannu ba, ya kamata a ɗan bayyana shi, domin daga jikinsa fasahar ta fara. Falle bakwai ne na icce marasa kauri ake mannewa a matse su wuri guda, tsawonsa bai kai mita ɗaya ba, faɗinsa kuma bai wuce taƙi guda ba sosai. Samansa an lulluɓe shi da baƙar takarda mai kaushi irin ta goge katako, don kada ƙafa ta sulluɓe. Ƙasansa kuwa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, nan ne ake buga zane. Duk wanda ya zana wannan wuri ya san cewa aikinsa ba zai daɗe ba, domin da zarar yaro ya fara goga katakon a gefen siminti ko a kan ƙarfen matattakala, fentin zai fara kankarewa, cikin 'yan kwanaki sai ka ga hoton ya koma zane-zanen ƙarce. Mai zanen da ya girma a wannan makaranta ya saba da yin aiki da sauri, da layi mai kauri da launi mai ƙarfi wanda za a gane daga nesa, kuma bai saba da ɗaukar aikinsa a matsayin abin da za a killace a bayan gilashi ba.

An haifi Templeton a shekarar 1972 a kudancin jihar Kalifoniya, ya kuma tashi a Huntington Beach, wani gari na bakin teku mai jerin gidaje masu kama da juna. Mahaifinsa ya bar gidan tun yana ƙarami. A shekarar 1990 ya zama ƙwararren ɗan wasa da ake biya, a ƙarƙashin wani kamfani mai suna New Deal, kuma wasan ne ya fara kai shi Turai. A can, tsakanin gasa da gasa, ya riƙa shiga gidajen adana zane-zane, inda ayyukan mai zanen nan na Ostiriya, Egon Schiele, suka kama shi, har ya koma gida ya sayi fenti ya fara koya wa kansa. Ba a jima ba ya kafa kamfaninsa na kataken zamiya, Toy Machine, wanda shi da kansa yake zana masa hotuna da tallace-tallace har yau. Daga tsakiyar shekarun 1990 kuma ya rataya kyamara a wuya, bai sake ajiye ta ba.

Ƙofar farko da ta buɗe masa ƙarama ce. Wani matashi mai suna Aaron Rose ya buɗe ɗan zauren baje koli mai suna Alleged a titin Ludlow na birnin New York a shekarar 1992, inda 'yan zamiya da masu rubutu a bango da mawaƙa ke haɗuwa, kowa ya kawo abin da ya yi a rataye. A nan Templeton ya fara nuna aikinsa, kuma wannan zaure ne ya buga ɗan littafinsa na hotuna a 1999, mai suna Teenage Smokers, wanda ke ɗauke da fuskokin yara matasa masu shan sigari, da yawansu a wuraren wasa ya same su. Bayan Paris, sai ga babban baje kolin Beautiful Losers a shekarar 2004, wanda Rose da Christian Strike suka shirya a cibiyar fasahar zamani ta Cincinnati, aka kai shi San Francisco, daga nan ya zaga ƙasashe. A cikinsa akwai Templeton da shahararren ɗan zamiya Mark Gonzales da masu zane irin su Barry McGee da Shepard Fairey da Margaret Kilgallen, wadda ta rasu tun 2001 ba ta ga wannan rana ba. A 2010 gidan S.M.A.K. da ke Ghent a ƙasar Beljiyam ya ba Templeton fili shi kaɗai, ya cika ɗakuna da ɗaruruwan ayyuka. A 2023 gidan Bonnefanten da ke Maastricht a ƙasar Holan ya nuna tarin hotunansa mai suna Wires Crossed, wanda ya ɗauka daga 1995 zuwa 2012, shekarar da ya karye a ƙafa a wajen wasa, karayar da ta kawo ƙarshen zamaninsa na ƙwararren ɗan zamiya.

Wannan tarin na ƙarshe shi ne hujjata mafi ƙarfi. Mujallun wasan sun cika da hotunan 'yan zamiya suna shawagi a sama, kowa a daidai daƙiƙar da ya fi burgewa. Templeton ya juya kyamararsa ga sauran sa'o'in yini, waɗanda babu mai talla da zai saya: zaman cikin motar bas a doguwar tafiya daga jiha zuwa jiha, barci a ɗakin otal mai arha, hannu a naɗe da bandeji, jini a haɓa, gardama da ɗan sanda ko mai gadi, yara sun yi layi suna jiran a sa musu hannu a riga. Yakan ɗauki alƙalami ko buroshi ya yi rubutu a gefen hoton, wani lokaci a kansa, ya faɗi abin da ya faru a ranar, sannan idan ya zo ratayewa sai ya cunkusa su manya da ƙanana a bango ɗaya kamar yadda matashi ke lulluɓe bangon ɗakinsa. Ɗan jarida zai iya bin wannan mota na mako guda ya dawo da hotuna masu kyau, amma ba zai samu abin da Templeton ya samu ba, domin shi a cikin motar yake zaune shekara da shekaru, shi ne mai kamfanin, shi ne abokin wasa, shi ma yana faɗuwa yana jin ciwo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaran ba sa gyara zama idan ya ɗaga kyamara, kuma wannan rashin gyara zaman shi ne darajar hotunan. Idan aikin gidan adana fasaha ya haɗa da ajiye wa na baya shaidar yadda mutane suka rayu, to samarin unguwannin bayan gari na Amurka a ƙarshen ƙarni na 20 sun cancanci a ajiye tasu shaidar, kuma da wuya a sami wanda ya fi shi kusa da su.

Ba duk abin da ke cikin aikinsa nake goyon baya ba, kuma ba zan ɓoye wannan ba. Akwai tsiraici a wasu hotunansa da zane-zanensa, har da na zaman gidansa da matarsa Deanna, wadda ita ma sananniyar mai ɗaukar hoto ce. Su a wurinsu wannan faɗin gaskiya ne game da rayuwa, ni kuwa a tarbiyyar da na taso da ita akwai abin da sutura ta fi dacewa da shi, ko da masu shi sun yarda a gani. Haka kuma hotunan yara masu shan sigari sukan sa ni tunani a kan yaron da aka ɗauka yana ɗan shekara 14, ya girma ya zama uba, fuskarsa kuwa tana nan rataye a wani zaure a Turai. Sai dai na lura cewa hotunan ba sa yi wa sigarin kwalliya. Abin da mai kallo ke gani shi ne ƙuruciya tana ƙoƙarin shiga rigar girma tun lokaci bai yi ba, kuma duk uban da ya tsaya a gabansu tausayi ne zai fara kama shi. Don haka ƙorafina ya tsaya ne a kan wasu ayyuka, bai kai ga cewa a rufe wa mutumin ƙofa ba.

Akwai masu sukar da ke cewa duk wannan harka talla ce da aka sa wa rigar fasaha, kuma maganarsu ba ta rasa tushe ba. A shekarar 2011, gidan fasahar zamani na Los Angeles, MOCA, ya shirya baje kolin Art in the Streets, wanda mutum fiye da 200,000 suka shiga kallo, adadin da gidan bai taɓa gani ba kafin nan. A cikin ginin har da wurin zamiya da aka gina, kuma kamfanin Nike na cikin masu ɗaukar nauyi. A farkon 2019 kuma, gidan gwanjo na Sotheby's ya sayar da kataken zamiya 248 na kamfanin Supreme a kan dala 800,000, kataken da ba a taɓa ɗora musu ƙafa ba, kuma ba za a taɓa ba. Katakon da aka ƙirƙira don a goge shi a siminti ya zama kadara irin wadda ake ajiyewa don ta ƙara daraja. Wannan yana damuna ƙwarai. Amma ban ga adalci ba a ɗora wa Templeton laifinsa, domin shi tun da daɗewa yake kiran kamfaninsa da mai shan jini a cikin tallace-tallacensa, yana kiran masu sayen kayansa da bayi masu biyayya, wato yana faɗa wa yaron da ke miƙa kuɗi cewa ya buɗe ido, ciniki ake yi da shi. Mai zane ba ya cin iska, kuma babu wani zamani da manyan masu zane suka rayu ba tare da mai saye ba, ko sarki ne ko attajiri ko majami'a. Tambayar da ta fi muhimmanci a wurina ita ce ina ribar take komawa.

Na taɓa zama kusan awa guda a gefen wani dandali a wani birni na Turai, ina kallon wani yaro da bai wuce shekara 15 ba yana ƙoƙarin hawa gefen wani dogon dakali da katakonsa. Zai taho da gudu, ya buga wutsiyar katakon a ƙasa, ya tashi, ƙarfen tayoyin ya kama gefen dutsen, sai katakon ya kuɓuce ya tafi gefe guda shi kuma ya faɗi a ɗaya gefen. Ya tashi ya karkaɗe tafin hannu a wando, ya je ya ɗauko, ya koma inda ya fara. Na daina ƙirgawa bayan ya haura sau 30. Wani abokinsa na durƙushe da waya a hannu yana ɗauka, bai gaji ba shi ma. Kafin yaron ya samu abin da yake nema, sai ga mai gadi ya fito daga ginin da ke kallon dandalin, ya yi musu nuni da hannu, suka tattara suka tafi ba tare da musu ba, alamar sun saba. Da na matsa kusa sai na ga a sauran dakalan an bi an kafa wasu ƙananan ƙarafa a gefensu, tazarar kamu ɗaya tsakanin kowane biyu, don kada katako ya iya zamewa a kai. Wannan dakali ɗaya ne kawai ya rage ba a kafa masa ba. Haƙurin da na gani a jikin yaron nan, da idon abokinsa mai neman kusurwar da ta dace, su ne ainihin kayan da aka gina Templeton da su. Su ake tattarawa a kai bango, su kuma ake kora daga dandali.

Wanda ke ganin na yi ƙari, ya duba abin da ya faru a Filadelfiya. Dandalin da ake kira Love Park ya shahara a duniya a shekarun 1990 saboda 'yan zamiya, har sunansa ya taimaka wa birnin wajen karɓar baƙuncin gasar wasannin kasada ta X Games a 2001 da 2002. Duk da haka hukumar birnin ta tsaurara haramcin wasa a wurin, ta kuma sake fasalinsa a 2002 don ta hana shi. Edmund Bacon, masanin tsara birane da tunanin dandalin ya fito daga kansa, ya je wurin yana ɗan shekara 92 ya hau katako, ana riƙe da shi, don ya nuna bai yarda ba. A 2004 kamfanin takalma na DC Shoes ya yi tayin dala miliyan 1 don kula da dandalin idan za a bar yaran su dawo, hukuma ta ƙi. Birnin ya ci moriyar sunan, yaran kuwa tara suka sha. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Misalin Landan ya fi taɓa maganata kai tsaye, domin a can cibiyar fasaha ce da kanta ta nemi korar su. A ƙarƙashin ginin Queen Elizabeth Hall, a gaɓar kogin Thames, akwai wani fili mai ginshiƙan siminti da 'yan zamiya suka mayar da shi gidansu tun shekarun 1970. A 2013 cibiyar Southbank, mai kula da wurin, ta fito da shirin gyara wanda zai mayar da filin shaguna da wuraren cin abinci, a gina wa yaran wani wuri a gefe. Yaran suka ƙi, suka kafa ƙungiyar Long Live Southbank, suka ajiye tebur a bakin filin suna tattara sa hannun masu wucewa, har dubban mutane suka mara musu baya. A watan Satumba na 2014 aka cimma yarjejeniyar barin filin yadda yake, a 2019 kuma aka sake buɗe wani ɓangarensa da aka daɗe da toshewa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cibiyar da aka kafa domin raya al'ada ta kasa gane al'adar da ta tsiro da kanta a ƙarƙashin benenta har shekara 40, sai da yara suka tilasta mata dubawa.

Na san masu gine-gine suna da nasu uzurin, kuma ba na raina shi. Ƙarfen taya yana cinye gefen dutse, ƙarar tana hana maƙwabta sakewa, tsoho ko mai juna biyu na iya tsorata idan yaro ya wuce su da gudu, kuma a Amurka mai gini na tsoron a kai shi kotu idan wani ya ji ciwo a harabarsa. Amma waɗannan matsaloli ne da ake warwarewa da tsari: a sa dutse mai jurewa, a ware sa'o'i, a bar hanyar masu tafiya a ƙasa. Birnin Malmo na ƙasar Suwidin ya ɗauki ma'aikaci na musamman da aikinsa shi ne shigar da 'yan zamiya cikin tsarin dandalai, kuma birnin bai rushe ba. A Basalona, dandalin da ke gaban gidan fasahar zamani na MACBA ya zama matattarar 'yan zamiya daga ko'ina a duniya, duk da taƙaddamar da ba ta ƙarewa tsakaninsu da mazauna unguwar. Wasu za su ce ai an gina musu filaye na musamman, kuma wasan ya shiga gasar Olamfik tun daga Tokyo a 2021, inda 'yar Japan Momiji Nishiya ta ci zinare tana da shekara 13. Filayen suna da amfani, gasar ma haka. Sai dai filin da aka kewaye da waya yana horar da ɗan gasa ne, ba ya koya wa yaro kallon gari. Ɗan zamiya na titi yana tafe yana karanta birni, yana lura da santsin ƙasa da tsayin dakali da inda hasken yamma ke faɗawa da irin mutanen da ke kwana a lungu. Templeton ya ci gaba da ɗaukar hotunan masu yawo a bakin tekun garinsu bayan ya bar wasa, kuma idon da yake amfani da shi a can titi ne ya wasa masa shi.

Akwai wani ƙaramin rashin adalci da ake yi wa shi kansa, wanda yake da alaƙa da wannan. Kusan duk sanarwar baje kolinsa sai ta fara da cewa ɗan zamiya ne, kamar dai abin mamaki ne a ce irinsa ya iya zane. Mutumin da ya shafe shekara 30 yana aiki, ya buga littattafai masu yawa, manyan gidaje suka nuna shi a ƙasashe daban-daban, ya isa a auna shi da ma'aunin da ake auna kowane mai hoto, a yabe shi inda ya yi kyau, a soke shi inda ya maimaita kansa. Lakabin yana jawo matasa su sayi tikiti, shi ya sa gidajen ke son sa. To idan har sunan wasan yana cika musu zaure, wajibi ne su tsaya wa wasan a lokacin da hukumar birni ke shirin kafa ƙarafa a dandalin da ke gabansu.

Mark Gonzales, wanda Templeton da tsararrakinsa suka taso suna kallo, ya taɓa nuna yadda abin zai iya kasancewa. A shekarar 1998, a gidan fasaha na Abteiberg da ke Monchengladbach a Jamus, ya sa fararen kaya irin na masu wasan takobi, ya hau katakonsa ya riƙa zagaya ɗakunan gidan, masu kallo na jingine da bango suna ba shi hanya. A wannan rana dai gidan ya karɓi wasan da ƙararsa da haɗarinsa, ba hotonsa kaɗai ba. Abin da nake nema bai ma kai haka ba. Duk gidan da zai rataye aikin Templeton ko na waninsa daga cikin wannan zuriya, ya bar farfajiyarsa a buɗe ga yaran unguwa, ya cire ƙarafan da ke gefen dakalansa, ya shigar da su kallo kyauta, ya kuma aika wakili zuwa zaman majalisar birni ranar da za a yanke hukunci a kan dandalinsu. A ganina kuɗin yin haka bai kai na inshorar jigilar hotunan daga Kalifoniya zuwa Turai ba.